Lambun tuffa a Argungu: amsa ga Malamar da ke son mutane su zo su tsinka da hannunsu

Wasiƙar wannan makon daga Argungu ta fito. Na taƙaita ta kamar haka:

"Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, na ajiye aiki bara. Na gaji fili kimanin hekta ɗaya daga mahaifina, a bayan gari, ta wajen fadama. Ɗana da ke karatu a Amurka ya turo mini bidiyon wani lambun tuffa: gajerun bishiyoyi a jere kamar sahun sallah, an ɗaure su a jikin waya, iyalai na shiga da kwanduna suna tsinka da kansu, su biya a bakin ƙofa. Tun ranar ban daina tunaninsa ba. Na samu wani a WhatsApp da ya ce zai kawo mini dashe dubu biyu, ya ce tuffarsa tana yi a ko'ina. Kuɗin sallamata sun fito, zan iya saye. Yayana ya ce wannan hauka ce, in sayar da filin ko in ba shi ya noma shinkafa. Yau wata biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yaya zan tsara lambun, kuma yaya zan yi da Yaya?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya sa albarka a hutun da kika samu, Ya saka miki da alheri kan shekarun da kika yi kina koyar da 'ya'yan mutane.

Zan fara da maganar da ba za ki ji daɗinta ba, don gara ki ji ta daga bakina yau da bishiyoyin su gaya miki bayan shekara uku: kada ki tura wa mutumin nan kuɗin dashe dubu biyu. Ko kafin alƙalami kada ki ba shi. Amma kuma kada ki goge bidiyon. Na karanta wasiƙarki sau uku, na lura ba ki ambaci ɗanɗanon tuffa ko sau ɗaya ba. Abin da kika ambata shi ne gajerun bishiyoyi, da sahu, da iyalai, da kwanduna. Wannan duk mai yiwuwa ne a Argungu. Tuffar ce kawai matsalar.

Tuffa bishiyar ƙasar sanyi ce, kuma da sanyin take aiki. Idan kaka ta yi a can, takan zubar da ganyenta ta shiga barci, idanun da ke jikin rassanta su rufe. Ba za su buɗe yadda ya kamata ba sai sun tara awannin sanyi, kuma masana kan ƙirga awannin da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7 ne. Irin tuffar da kike gani a tire a bakin tasha, wadda mafi yawanta daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita, tana bukatar ɗaruruwan irin waɗannan awanni, wata har kusan dubu. To ki tuna hunturunmu. Asubar da muke kwana da garwashi a ɗaki, muna ɗumama ruwan alwala, galibi tana sama da digiri 12. Mu muna rawar ɗari, ita tuffa ko a jikinta.

Na ga abin da wannan ke haifarwa da idona, a tsakar gidan wani abokina a Birnin Kebbi. Bishiyar ta shekara biyar, yana ba ta ruwa safe da yamma, yana zuba mata takin tumaki. Rassanta dogaye ne tsirara kamar bulala, ɗan ganye ya taru a can ƙarshensu kawai. Fure kuwa yau biyu a wannan reshe, bayan sati uku guda a wancan. Ta taɓa riƙe 'ya'ya bakwai, kowanne bai fi lemon tsami ba, kuma gefen da ke kallon yamma ya ƙone ya yi ruwan ƙasa kamar an ɗora masa dutsen guga. Haka abin yake, don fatar tuffa na fara ƙonewa idan zafin jikinta ya kai wajen digiri 46, kuma ɗan itacen da rana ke duka ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba. Ke kin san watan Afrilu a Argungu, ba sai na faɗa miki ba. Abokina bai yi asara ba, don bishiya ɗaya ce ta sha'awa. Ki ninka ta dubu biyu, ki ɗora kuɗin sallamarki a kai.

Mai dashen zai ce miki akwai irin da ba ya bukatar sanyi sosai. Wannan gaskiya ne, amma rabinta ya faɗa. Akwai Anna, wadda aka samar a Isra'ila, akwai Dorsett Golden daga tsibiran Bahamas, kuma sanyin awa ɗari biyu zuwa ɗari uku ya wadace su. A Batu da ke tsibirin Java na Indunisiya manoma na zage ganyen tuffa da hannu bayan girbi, su lanƙwasa rassan, bishiyar ta ɗauka sanyi ya wuce ta sake fure, har suna girbi sau biyu a shekara. A nan gida ma ana samun tuffa a Filato da tsaunin Mambila. Abin da ya haɗa wuraren nan shi ne tudu. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, Mambila ta fi haka, kuma duk mita dubu da aka hau zafi na raguwa da wajen digiri shida. Argungu ba ta kai mita 300 ba. Zage ganye na iya maye gurbin sanyin hunturu, amma ba ya rage zafin bazara. Duk wanda ya ce miki tuffarsa tana yi a ko'ina, ki roƙe shi ya kai ki lambu ɗaya a Kebbi ko Sakkwato ko Zamfara da ya yi girbi shekara uku a jere, ki tsaya a ciki da ƙafarki a watan Afrilu. Gani ya kori ji.

Sai kuma shi kansa tsarin da kika gani. Waɗancan bishiyoyin ba gajeru aka halicce su ba, aure aka yi musu. Ana ɗauko reshen irin da ake so a aura shi a kan wani gindi mai hana girma, wanda ya fi shahara shi ne M9, da aka ware a cibiyar bincike ta East Malling a Ingila sama da shekara ɗari da suka wuce. Masana a Jami'ar Cornell ta jihar New York sun yaɗa wani tsari da a harshensu suke kira dogon mazari, don bishiyar tana tsayawa siririya kamar mazarin kaɗi: mita ɗaya tsakanin bishiya da bishiya, mita uku da rabi tsakanin layi da layi, wato kusan bishiya 2,800 a hekta ɗaya. Tana fara 'ya'ya a shekara ta biyu, ta cika ƙarfi wajen ta biyar. Amma saiwar M9 ba ta nitsewa, kuma tana da saurin karyewa. Shi ya sa ake kafa turaku a ja waya, ba don ƙawa ba, bishiyar ba ta iya ɗaukar kanta da kayanta. Shi ya sa kuma ruwan ɗigo ba ya yanke mata. Saiwa irin wannan a cikin rairayinmu da ke ƙona tafin ƙafa da azahar, ga gara, ga guguwar farkon damina, injin ruwa ya tsaya kwana uku an gama magana.

To me ya rage? Tunanin da ke ƙarƙashin tsarin, wanda shi ne mai daraja: a riƙe bishiya gajera, a jera ta kusa da kusa, haske ya ratsa ko'ina, 'ya'yan su tsaya inda hannu ke kaiwa. Wannan ba mallakin tuffa ba ne. A Indiya an daɗe ana yi wa mangwaro da gwaiba haka. Mu nan mun saba da mita goma tsakanin mangwaro da mangwaro, bishiya ɗari a hekta, ta yi tsawon da sai da gora ko jifa. Su kuwa akwai masu dasawa a mita uku da mita biyu, sama da bishiya 1,600 a hekta, suna yi mata aski duk shekara bayan girbi.

Akwai kuma bishiyar da na fi so ki sa wa ido, don ita ce ta fi kusa da mafarkinki, kuma mai yiwuwa 'yar uwarta na tsaye a gefen filinki yanzu haka. Magarya nake nufi. Akwai irin magaryar Indiya, kamar Gola da Umran da Seb, da ake aurawa a kan gindin magaryarmu ta daji. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki sosai wajen yaɗa ta, kuma maƙwabtanmu na Nijar tuffar Sahel suke ce mata da Faransanci. 'Ya'yanta sun ninka na tamu girma sau da yawa, wasu kamar ƙaramin ƙwan kaza, kuma idan aka tsinke su suna tsakanin kore da rawaya sai ki ji sun yi ƙaras a baki, da ruwa da zaƙi, kamar dai tuffar. Gindinta ɗan ƙasa ne, ya san rairayi, ya san bazara. Tana fara 'ya'ya da wuri, sau da yawa cikin shekara ɗaya ko biyu da aure. Tana nuna da hunturu, lokacin da mangwaro ke fure kawai, kuma lokacin da fita yawo da yara ya fi daɗi. Aibinta uku ne: tana da ƙaya, tsutsar ƙuda na sonta, kuma ba ta jimirin ajiya. Na ukun nan a wajenki ba aibi ba ne, tunda mai saye ne zai zo gindinta. Ana yi mata aski mai tsanani da bazara idan ta zubar da ganye, don a sabon reshe take haihuwa.

Ga yadda zan tsara filin da ni ce ke.

Kafin komai, ki zagaya shi a watan Satumba ki ga inda ruwa ke kwanciya. Kin ce ta wajen fadama yake, kuma ba mu manta ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi ba. Shinkafa asarar shekara ɗaya ce, bishiya asarar shekara biyar. Duk inda ruwa ke yin kwanaki a kwance ba wurin lambu ba ne, ki tsaya a tudu. Na biyu ruwa: a haƙa rijiyar burtsatse, a gwada ƙarfinta a tsakiyar bazara, ba da kaka ba lokacin da kowace rijiya ke alfahari. Na uku shinge, mai tsayin da akuya ba ta tsallakewa. Sai waɗannan uku sun kammala za a yi zancen dashe. Mutane da yawa kan fara da dashe don shi ne mai daɗin saye, su dawo su tarar da awaki sun yi kalaci.

Kada ki dasa hektar duka. A shekarar farko ki yanki mita 50 a faɗi, mita 40 a tsawo, kashi ɗaya cikin biyar na filin ke nan. Layukan su miƙe daga kudu zuwa arewa, don kowane gefe ya samu rana, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Gwaiba layi biyar, mita huɗu tsakanin layi, mita biyu da rabi tsakanin bishiya, ya ba ki tamanin. Magarya mai aure layi uku, mita biyar tsakanin layi, mita huɗu tsakanin bishiya, talatin. Mangwaro ma haka, layi uku, talatin. Duka 140. Idan muka ƙaddara kowace na shan lita ashirin a ranar zafi bayan ta girma, kina neman kusan lita dubu uku a yini, abin da famfon sola da tanki ɗaya za su iya. Ki yi wannan lissafin da bishiya dubu biyu ki ga inda ya kai ki.

Za ki lura na buɗa layukan fiye da na Indiya. Da gangan na yi. Lambun da ma'aikata ke girbe wa daban, lambun da baƙi ke shiga daban. Ki kawo a ranki mace da goyo a baya, da kwando a hannu, da yaro ɗan shekara huɗu riƙe da gefen hijabinta, ga wata tana tahowa daga ɗaya ɓangaren. Dole su wuce juna ba tare da reshe ya kama mayafi ba, musamman a layin magarya. Haka kuma kada layi ya wuce mita arba'in ba tare da hanya ta ratsa shi ba, don wanda ya cika kwando ba ya son doguwar dawowa, kuma mai kula da wurin yana bukatar ya hango ƙarshen layi daga bakinsa. Bututun ruwan ɗigo ya bi gindin bishiyoyi a rufe shi da ciyawa, kada ya ratsa inda ake takawa. Ciyawar ma kada ta taɓa jikin bishiyar, saboda gara.

Tsawon bishiya shi ne zuciyar abin duka. Iyakarta mita biyu da rabi, inda babban mutum zai miƙa hannu ya kai. Ba tsani, ba gora, ba hawa. Ranar da yaron wani ya faɗo daga kan mangwaronki, ranar lambun ya rufe a bakin mutanen gari ko da ƙofarsa a buɗe take. Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan dashen mangwaro ya kai wajen ƙugu, a datse kansa, ya fito da rassa, a bar uku ko huɗu masu kallon kusurwa daban-daban. Su ma idan sun yi kamu biyu ko uku a sake datse su. Haka za a yi ta yi har bishiyar ta zama kamar buɗaɗɗiyar laima. Hannu ba ya son yanke reshe mai lafiya, na sani, ni ma da wuya na saba. Amma wanda ya tausaya wa reshe a shekara ta biyu, da zarto zai shiga lambun a shekara ta shida. A mangwaro ki nemi irin da ba ya haukan girma, kamar Juli, ki haɗa da mai jinkirin nuna kamar Keitt don kakar ta yi tsawo. Gwaiba kuwa mai sauƙin kai ce: a sabon reshe take fure, kuma daga fure zuwa nuna wata huɗu zuwa biyar ne, don haka da aski da ruwa kina iya matsar da lokacin girbinta, ki yi wa layi biyu aski yanzu, sauran bayan wata guda.

Dalilin raba su gida-gida ke nan. Magarya da hunturu, mangwaro da bazara zuwa farkon damina, gwaiba wajen ƙarshen damina da kaka. Lambun tuffar da kika gani watanni kaɗan yake buɗewa a shekara, naki zai iya buɗewa sau uku. Kuma ranar da aka buɗe, layin da ya nuna kawai za a buɗe, sauran a ja musu igiya. Baƙo bai san ɗanye da nunanne a kan bishiya ba, abin da idonsa ya so shi zai tsinka.

Bakin ƙofa ki ba shi fili fiye da yadda kike zato, ko da kashi ɗaya cikin biyar na hektar ne: wurin ajiye motoci da babura da Keke, rumfa mai inuwa da tabarmi, randar ruwan sha, wurin alwala da sallah, da ban-ɗaki biyu, na maza daban na mata daban. Magidanci ba zai sake kawo iyalinsa inda babu waɗannan ba, komai zaƙin gwaibar. Ƙofa ɗaya ta shiga da fita, sikeli a wurin. Darbejiya ta kare iska ta gabas da arewa, amma a nesanta ta da layin farko sosai, don saiwarta da inuwarta ba su da kunya.

Batun kuɗi kuwa, ki sani mutane za su ci a ciki. Kada ki sa maigadi ya riƙa leƙen bakin yara, wannan zai kashe daɗin wurin. Ki sa ɗan kuɗin shiga wanda ya rufe abin da aka ci, sannan abin da aka fito da shi a auna a biya, ko ki sayar da kwando mai girma ɗaya a farashi ɗaya, a cika shi. Kada ki karyar da farashi ƙasa da na kasuwa don wai su suka tsinka. Fitar da suka yi da yaransu ita suka zo saya. A bakin kowane layi a samu wanda zai nuna yadda ake tsinka. Mangwaro da almakashi ake yanke shi a bar masa ɗan wutsiya, don danƙonsa na ƙona fatar ɗan itacen, yana kuma ƙona leɓen yara da hannunsu. Ki kuma riƙe lambar 'yan gwari biyu ko uku, saboda baƙi za su bar na ƙasa-ƙasa da na cikin duhun ganye, ranar Litinin sai a bi a kwashe a kai kasuwa.

Wani abu da ba na so ki yi wasa da shi shi ne feshi. A lambun da yaro zai tsinka ya kai baki nan take, ba a fesa magani ana gobe buɗewa. Kowane maganin ƙwari na da kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbarsa, a kiyaye su kamar yadda kika kiyaye rajistar aji. Babban abokin gabarki ƙudan 'ya'yan itace ne, wanda ke huda gwaiba da mangwaro ya saka ƙwai, a fasa a tarar da tsutsa. Ana rage shi ba da feshi kaɗai ba: a rataya tarkon da ke jan mazan, a tsince duk abin da ya faɗo kullum a ɗaure a baƙar leda a bar shi a rana ko a binne da zurfi, a kuma sa wa 'ya'yan gwaiba jakar takarda tun suna ƙanana. A gajerun bishiyoyi wannan aikin yini ɗaya ne.

Su wa za su zo? Nan ne kike da abin da mai kuɗi ba zai saya ba. Shekarun da kika yi a aji sun ba ki shugabannin makarantu da iyaye da tsofaffin ɗalibai a duk faɗin garin. Aji ɗaya ya zo ranar Alhamis a nuna musu yadda ake auren bishiya, kowa ya koma da gwaiba uku a aljihu, ranar Asabar iyayensu ne za su biyo. Birnin Kebbi ba nisa, ga yawon Sallah, ga baƙin da ke cika garin duk shekarar da aka yi bikin kamun kifi. A rufe kafin magariba, mutane su koma gida da ido.

Wajen sayen dashe ki yi taka-tsantsan, don ni an taɓa cuta ta. Na sayi mangwaro ashirin a wani wurin sayar da dashe a bakin hanya, aka rantse mini masu aure ne. Shekara biyar ina ban-ruwa, da suka haihu sai ga ƙananan nan masu zare. Har yau idan na tuna shekarun sai raina ya sosu. Ki duba tabon aure a jikin kowane dashe da idonki, ɗan kumburi ko lanƙwasa kamar kamu ɗaya daga ƙasa, kuma wajen dasawa kada a binne tabon. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, kuma a nan jiharku akwai masu koyar da aikin gona a jami'ar Aliero da ta Zuru, sai malaman gona na ƙaramar hukuma. Ki fara da tambayarsu inda ake samun irin gaskiya. Magaryar kuwa, idan kin samu wanda ya iya aure da rassan iri mai kyau, ana iya aura su a kan magaryar da ta riga ta tsiro a filin.

Ban ce ki haƙura da tuffa gaba ɗaya ba. Ki sayi goma, Anna biyar Dorsett Golden biyar, don tuffa na son wani iri a kusa da ita kafin ta ɗauki 'ya'ya sosai. Masu aure za ki nema, ba waɗanda aka tsiro daga ƙwallo ba, don ƙwallon tuffa ba ya maimaita uwarsa. Ki dasa su inda inuwa ke sauka da la'asar, ki rufe gindinsu da ciyawa, ki gwada zage ganyen, ki buɗe musu littafi ki riƙa rubuta ranar fure da ranar nuna. Idan sun yi, ko guda ashirin suka haifa, yara za su yi layi don su ga tuffa a jikin bishiya. Idan ba su yi ba, kuɗin goma ne ya tafi.

Saura Yaya, kuma wannan ya fi lambun damuna. Wata biyu ya yi yawa, Malama. A kan tuffa yana da gaskiya, ko da kalmar da ya yi amfani da ita ta yi zafi. Ina jin tsoro ne ya sa shi faɗin haka: ya ga ƙanwarsa za ta zuba guminta na shekaru a hannun mutumin da ba a taɓa gani ba sai a waya. A kan sayar da filin kuwa ban bi bayansa ba. Ke ce ƙarama, ke za ki taka ki same shi, a gidansa, ba a waya ba. Ki fara da cewa kin fasa sayen dubu biyun, kuma maganarsa na cikin abin da ya sa kika sake tunani. Sannan ki shimfiɗa masa takardar tsarin, ki tambaye shi inda ruwa ke kwanciya a filin, don manomin shinkafa ya fi ni da ke sanin wannan. Tunda kashi ɗaya cikin biyar za ki dasa a farko, ɓangaren da ke gangarawa fadama ki ba shi aro ya noma, a rubuta shekara nawa, a gaban shaidu. Idan kuma rabon gadon bai kammala a takarda ba, a kammala shi a kafa iyaka kafin a haƙa rami ko ɗaya, don filin da babu komai ba ya tada rigima kamar filin da ya fara haihuwa.

Kuɗin sallamar ki raba su uku a ranki. Kashi ɗaya kawai ya shiga lambun a shekarar farko, kuma mafi yawansa rijiya da shinge za su ci. Kashi ɗaya ki ajiye don ban-ruwa da albashin mai kula da wurin na shekara uku, don kafin nan lambun ci zai yi ta yi, ba zai ciyar ba. Na ukun kada ya kusanci gona ko kaɗan.

Ɗanki ma ki ba shi aiki. Tunda yana can, idan kakar tuffa ta zo wajen Satumba da Oktoba, ya je irin lambun nan da kansa. Kada ya ɗauko miki hoton 'ya'yan itace, kin ga isassu. Ya auna faɗin hanya da takunsa, ya ɗauki hoton ƙofa da wurin biya da allunan da ke bakin layuka, ya tambayi mai lambun abin da baƙi suka fi ɓata masa. Ke kuma a wannan Satumbar ki sa takalmin roba, ki ɗauki Yaya, ku zagaya filin bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ku kafa turke a duk inda ruwan ya tsaya. Ki rubuto mini abin da kuka gani, daga nan sai mu san inda layin farko zai fara.